Jibin Ubangiji: Saɓanin Da Ke Tsakanin Maƙwabtanmu Kirista

Sau da yawa mukan ji mai wa'azi a nan Isa ko Sabon Birni yana cewa "Kirista sun ce kaza," sai ka ce dukkansu bakinsu ɗaya. Alhali kuwa ko a kan babbar ibadarsu, wadda suke kira Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ruwan inabi, sun yi saɓani mai zurfi.

'Yan Katolika, waɗanda a yankinmu suke ƙarƙashin bishop na Sakkwato, sun ƙudurta cewa idan fada ya karanta kalmomin keɓewa, ainihin gurasar ya juye ya zama jikin Almasihu, ruwan inabin ya zama jininsa, kama da ɗanɗano kawai suka saura. Majalisar malamansu ta ambaci haka a 1215, ta Tirento kuma ta tabbatar a 1551. Shi ya sa suke durƙusa wa gurasar, kuma a bisa ƙa'ida ba su ba wanda ba nasu ba.

Amma ku tsallaka iyaka zuwa Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, inda mishan ɗin SIM ya zauna tun ƙarshen shekarun 1920. Waɗanda suka fito daga wannan tsatso, kamar ECWA a nan Nijeriya, suna ganin gurasa gurasa ce, ana ci ne don tunawa.

Asalin rigimar daga Turai take. A 1529 aka haɗa manyan masu bore wa Paparoma biyu, Luta da Zuwingili, a garin Marbug na Jamus. Suka daidaita a kan mas'aloli 14 daga cikin 15, wannan ɗaya ta gagara. Luta ya dage cewa jikin yana tare da gurasar hakikatan, ko da ba ta juye ba. Zuwingili ya ce lafazin majazi ne. Mu da muka san yadda hakika da majazi suka raba malamai, ba za mu yi mamaki ba. Mabiya Luta suna nan a Numan ta Adamawa.

Mu dai ba mu yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, balle maganar jini. Sai dai duk wanda ya jingina wa ɗan ECWA aƙidar Katolika ya yi masa ƙage, kuma daga ranar ba zai ƙara sauraron mai maganar ba.