Gishiri da Mai a Tukunyar Baƙo: Jawabi ga 'Yan Katagum Mazauna Kudu

Wannan shi ne jawabin da wata malamar asibiti 'yar asalin Azare ta gabatar a gaban taron 'yan ƙasar Katagum mazauna Agege, a Ikko, bisa yadda ya kamata a riƙa sarrafa ganye da kayan miya.

 

Duk wanda ya tashi a Azare, ko Gamawa, ko Shira, ko tsohon garin Katagum da ke bakin kogin Jama'are, ya san cewa ƙasar ba ta rasa ganye ba. Da damina akwai rama, da tafasa, da yakuwa, da lalo, da karkashi. Da rani kuwa fadamu suna ba da alayyafo, da albasa, da tumatir, ga zogale a bayan ɗaki, ga kuma kuka da busasshiyar kuɓewa a ajiye. Uwargida takan haɗa kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ta ɗiga man gyaɗa kaɗan, gida duka ya ƙoshi, domin a wancan zamani mai abin awo ne, ba a tuttula shi.

To, da mutumin Katagum ya sauko Kudu neman abin kansa, sai tukunyarsa ta sake hali. Ganye bai ƙare ba, gama lalon nan shi ne Yarbawa ke kira ewedu, daddawar kalwa ita ce iru a wurinsu, tumatir da albasa kuwa daga Arewa motoci ke sauke su a kasuwar Mil 12. Abin da ya sake shi ne hannun mai girki. Manja ya wadata, dunƙulen magi ya cika kowane teburi, sai aka wayi gari ana auna daɗin miya da yawan man da ke yawo a samanta. Gwauraye kuma, waɗanda suka baro iyali a gida, sun dogara ga abincin saye safe da yamma, ba su da iko a kan abin da aka zuba a ciki.

Maganar gishiri ita ce ta fari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa abin da baligi zai ci na gishiri a yini ɗaya kada ya kai giram 5, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Wannan awo ya haɗa da dukkan abin da ya shiga baki, har burodi, da kifin gwangwani, da taliyar leda, da yajin tsire. Dunƙulen magi shi kansa kusan rabinsa gishiri ne, sabo da haka wadda ta jefa huɗu a tukunya, sa'an nan ta bi su da gishiri, ta zuba sau biyu ke nan. Gishiri idan ya yi yawa yakan sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya riƙa tafiya da ƙarfi a cikin jijiyoyi. Wannan shi ne hawan jini, wanda ba ya yin sallama. Mutum yana tsaye a bakin sana'arsa sai ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a tara kuɗin mota a mai da shi gida, waɗanda yake ciyarwa su koma su ne masu jinyarsa.

Ba a ce a bar gishiri ɗungum ba. Tun 1993 aka wajabta sanya sinadarin aidin a cikin gishirin da ake sayarwa a Nijeriya domin rigakafin maƙoƙo, sabo da haka a sayi mai aidin, a ajiye shi a rufe, a zuba kaɗan bayan an ɗanɗana. Sauran aikin kuwa a bar wa kayan ƙamshi na gado: daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da kimba, da kanumfari. Tsamin yakuwa, ko tsamiya, ko lemun tsami, yakan tashi miya har a manta an rage gishiri. A rage sannu sannu, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Akwai kuma wata al'ada da aka taho da ita daga gida wadda take bukatar gyara, watau kanwa. Ana jefa ta a miyar kuɓewa domin yauƙi, a wake domin ya nuna da wuri, a yakuwa domin kashe tsami. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke ta da jini a cikinsa yana cikinta, bugu da ƙari tana lalata wasu bitamin da ke cikin ganye. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan masu jego da ake kawo musu da ciwon zuciya da kumburi, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Sabo da haka lalle ne a sassauta, wake kuwa idan an jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da ita ba.

Sai maganar mai. Ganye yana bukatar mai kaɗan, domin bitamin A da jiki ke samu daga zogale, da alayyafo, da kabewa, wanda ke kare ido, ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Amma ɗan abin da zai gauraya da miya ya wadatar. Idan aka sauke tukunya aka ga mai ya kwanta a sama, to an wuce gona da iri, sai a kwashe shi. A riƙa auna mai da cokali, a daina tsiyayawa daga kwalba. Jan launin manja shi ne amfaninsa, wadda ta bar shi a wuta yana hayaƙi har ya yi fari ta ƙone abin da ta saya da kuɗinta. Man da aka soya abu da shi sau da yawa har ya yi baƙi ya lalace, bai kamata ya koma cikin miya ba.

Game da dahuwar ganyen kansa, a wanke shi kafin a yanka, domin idan an yanka sa'an nan aka wanke, amfaninsa yakan bi ruwa. A sa shi daga ƙarshe, a rufe tukunya, a sauke tun yana kore. Alayyafo ba ya son dogon wuta, turara shi ya fi tafasa shi cikin ruwa mai yawa. Wanda kuma za a shanya domin aikowa Kudu, kamar zogale da kuka, a shanya shi a inuwa, gama rana tana cinye launinsa da ƙarfinsa. Hukumar nan ta duniya ta ce a samu giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, sabo da haka a ƙara ganye a cikin kwano, a rage tuwo ko shinkafa.

Ga masu cin abincin saye, mutum yana da ikon ya ce wa mai abinci kada ta ƙara masa mai a sama, ya kuma kame hannunsa daga kwanon gishiri da yaji. Idan 'yan ɗaki ɗaya suka haɗa kuɗi suka yi tukunyarsu, ko da sau biyu a mako, za su ga sauƙi a jiki da aljihu. Kowane baligi kuma ya riƙa zuwa ana auna jininsa, wanda aka ba magani kada ya bari don ya ji sauƙi.

Iyayen da ke Azare suna zuba ido ga saƙon da ke zuwa daga Kudu, amma abin da suka fi so shi ne mai saƙon ya komo da ƙafarsa. Lafiya uwar jiki ce, tsaronta kuwa daga bakin murhu yake farawa. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gida cikin alheri, amin.