Idan x Bashi Ne Fa?

Yau lissafi zan taɓa, musamman saboda ƙannenmu masu shirin WAEC, NECO da JAMB. Don Allah kar ku gudu, tambaya ɗaya ce tak: mene ne √(x²)?

Na san da yawa za su ce, "x ne mana, ai sikwaya da rut suna kashe juna." To, mu gwada. A ce x = −3. Ka ninka −3 da kanta, ka samu 9. Sikwaya rut na 9 kuwa 3 ne. Mun shiga da −3, mun fito da 3. Ina mainos ɗin ya tafi?

Abin da ke faruwa shi ne, alamar √ ba ta taɓa ba da amsar da ke ƙasa da sifili. Don haka amsar gaskiya ita ce |x|, wato x a tsakanin sanduna biyu, ma'ana nisan lamba daga sifili. Daga 3 zuwa sifili taku uku ne, daga −3 ma taku uku ne. Nisa ba ya zama mainos.

Inda kai ke ɗaurewa shi ne nan: idan x yana ƙasa da sifili, |x| = −x. Sai wani ya ce, "Ai ga mainos nan!" A'a ɗan'uwa. Idan x = −3, to −x ya zama 3. Tun a shekarar 628 masanin Indiya Brahmagupta ya kira irin waɗannan lambobi bashi, kishiyarsu kuma dukiya. Wanda aka yafe wa bashin dubu uku, ai ƙaruwa ya yi.

Ku ga illar sakaci. (4 − 5)² daidai yake da (6 − 5)², don kowanne 1 ne. Ka cire sikwaya da ka, sai ka ce 4 − 5 = 6 − 5, wato 4 = 6. Wa zai yarda ya karɓi naira huɗu a madadin shida?

Kada kuma ku haɗa abubuwa uku. √9 amsa ɗaya gare shi, 3. x² = 9 amsa biyu gare shi, 3 da −3. Shi kuwa √(−9) ba shi da amsa a lambobin da muka saba da su, don babu wadda za ka ninka da kanta ta ba ka mainos.

Na damu da wannan ne saboda mai son likitanci ko injiniyanci sai da kiredit a lissafi, kuma a irin waɗannan ƙananan wurare maki ke zubewa. Shawarata: duk inda ka ga harafi, jefa masa lamba mai mainos ka gani ko amsarka za ta tsaya.

Ga aikin gida: mene ne √((x − 4)²) idan x bai kai 4 ba? Ku zaunar da ƙannenku ku warware tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.