Fitilar Da Ke Hana Maƙwabci Barci: Jawabin Sakataren Ƙungiya A Taron Wata-Wata

  

Maganar da aka ɗora mana yau, mun san wasu za su ji ta kamar wasa. Da aka raba takardar gayyata, wani dattijo daga cikin iyayenmu ya tare mu a hanya ya ce, "Malam Sakatare, mu da muke kukan rashin wuta, kai kuma ka zo mana da kukan haske ya yi yawa?" Baba yana da gaskiya. Amma koke-koken da suka shigo ofishinmu tun farkon bazara duk kan abu guda suke. Sabon otal ɗin da aka gina a bakin titi ya kafa manyan fitilu a saman bene, suna ci da janareta daga magariba har gari ya waye, kuma bakinsu cikin gidajenmu yake kallo. Ga allon talla na mararraba, wanda ke walƙiya yana sauya launi dare farai. Kowa ya san lokacin zafi a tsakar gida muke shimfiɗa tabarma, maza a nasu ɓangare, mata da yara a nasu. Yanzu tsakar gidan ya zama kamar filin ƙwallo, wanda ke saman bene yana ganin iyalin mutum a kwance. Wata baiwar Allah ta faɗa mana ta koma kwana cikin ɗaki da jaririnta, ta toshe taga da bargo, ga zafi ga rashin iska. Wannan ba wasa ba ne, maganar sutura ce da lafiya.

Bari mu fara da masu gadi, domin da yawa daga cikin mutanenmu da wannan sana'a suke ci da iyali. Duk wanda ya taɓa gadi ya san ido yana ɗaukar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu sosai, amma fitila mai ƙarfi ta haske shi sau ɗaya, an koma farko. Idan mai gida ya kafa fitila tsirara tana dukan fuskar maigadi, to abin da ke bayan fitilar ya zama baƙi ƙirin, kuma nan ne ɓarawo zai laɓe. Shi yana ganin maigadi tar, maigadi ba ya ganinsa. Mai gida ya biya kuɗin wuta, ya kwanta yana ganin ya yi tsaro, alhali makantar da mai tsaronsa ya yi.

Haka kuma likitoci sun tabbatar jikin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, shi ne ke shaida wa jiki lokacin barci ya yi. Farin haske mai ratsin shuɗi, irin na yawancin ƙwayayen LED da ake sayarwa a kasuwanninmu, ya fi kowane haske danne wannan sinadari. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara cewa fitilun titi kada su wuce 3000K. Wannan lamba tana jikin kwalin ƙwai, ku duba in kun koma gida. Mai 6500K shi ne fari fat ɗin nan mai kashe ido, mai 3000K ko 2700K kuwa shi ne mai ɗan ja-ja kamar hasken fitilar ƙwai ta da.

Masana suna kiran wannan abu gurɓata dare da haske, wato hasken da ya tafi inda ba a bukatarsa: sama, ko idon mai wucewa, ko ɗakin maƙwabci. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin sararin da haske ya gurɓata. Mu da muka taso a ƙauye mun san kaza da 'ya'yanta, mun san gamzaki da tsofaffi ke duba su gane asuba ta kusa. Ku tambayi yaran da muka haifa a nan, da wuya a sami wanda zai nuna muku su.

To yaya wasu suka yi? A Amurka, cikin jihar Arizona, akwai wani gari mai suna Filagstaf, mutanensa ba su kai dubu ɗari ba. Tun 1894 wani attajiri, Percival Lowell, ya gina gidan nazarin taurari a kan tudun garin, kuma a nan ne aka gano duniyar Fuluto a 1930. Da 'yan kasuwa suka fara kafa manyan fitilun talla masu harba haske sama, masu nazarin suka ga aikinsu zai lalace. Ba su tafi babban birnin ƙasa ba, majalisar garinsu suka nufa. A 1958 majalisar ta yi doka ta hana irin waɗannan fitilu, kuma ita ake lissafawa a matsayin ta farko irinta a duniya. Ba su tsaya nan ba. A 1989 suka ƙara gyara, suka ƙayyade yawan hasken da mai fili zai iya sawa gwargwadon girman filinsa. A 2001 ƙungiyar duniya mai kare duhun dare, wadda aka kafa a 1988 a birnin Tusan na wannan jiha, ta ba garin shaidar zama birni na farko da ya cika sharuɗɗanta. Daga dokar farko zuwa wannan shaida shekara 43 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma garin ba cikin duhu yake ba, akwai fitila a titi da kanti da asibiti, sai dai an yi musu hula suna kallon ƙasa.

Faransa kuma ta ƙasa baki ɗaya ta yi. Tun 2013 doka ta ce a kashe fitilun tagogin kantuna da ƙarfe ɗaya na dare, na cikin ofisoshi kuma awa ɗaya bayan ma'aikata sun tashi, sannan a 2018 aka ƙara wata da ta taƙaita hasken da ke tashi sama.

Akwai mai cewa rage haske zai kawo ɓarayi. Ba za mu raina wannan tsoro ba, domin lungu mai duhu abin tsoro ne, kuma mu da kanmu mun sha roƙon a sa mana fitila a hanyar kasuwa. Amma a 2015 an buga wani bincike kan ƙananan hukumomi 62 na Ingila da Wales da suka rage hasken titi ko suka kashe wasu fitilu cikin dare, ba a sami shaidar cewa laifi ko haɗarin mota ya ƙaru ba. Mu ma ba kashewa muke nema ba. A sunkuyar da kan fitila, a yi mata hula, ta haska ƙofar mai ita ta bar ɗakin wani.

Yanzu ga inda ya shafe mu. Mun san abin da ke zukatan wasu: mu baƙi ne, in mun yi magana za a ce ba garinmu ba ne. 'Yan uwa, mu da muka koyi karatu da girma a ajin yaƙi da jahilci, babbar ribar da muka samu ita ce mu buɗe tsarin mulki mu karanta da idonmu. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Sashe na 40 ya ba mu damar yin ƙungiya domin kare muradunmu. Sannan jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci fitilun titi da sunansu, ya kuma ambaci kula da allunan talla na waje. Ke nan ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba ta da nisa, ofishin ciyaman ne da majalisar kansiloli, inda muke biyan harajin shago da kuɗin kasuwa. A wasu jihohi gwamnatin jiha ta kafa hukumar allunan talla, kamar LASAA a Legas tun 2006, saboda haka takardar da ta shafi allo sai an yi mata kwafe biyu.

Sai dai kada mu tafi mu kaɗai. Fitilar otal ɗin nan ba ta tambayar ƙabila kafin ta shiga taga, maƙwabtanmu Yarbawa na layin baya su ma ba sa barci. Mun riga mun gaisa da shugaban ƙungiyar masu gidaje, kuma da izinin Sarki za mu kai gaisuwa wurin Baale kafin a rubuta komai. Takardar da ta zo da sa hannun kowa da kowa ta fi wuyar jefawa a kwandon shara.

Kuma kafin mu nuna wa wani yatsa, mu duba namu. Fitilar sola da muka yi karo-karo muka kafa a ƙofar makarantar Islamiyya, kanta a ɗage yake, tana haska ɗakin mutanen da ke tsallaken titi. Masu shayi da masu tsire da masu cajin waya, kusan kowa ya rataya ƙwai tsirara a kan sanda. Gwangwanin madara babba ko guntun kwano ya isa hula, makerinmu ya ce zai yi a kan kuɗi kaɗan, kuma hasken zai taru a kan tebur inda ake bukatarsa. Ta makaranta kuwa sukurori biyu ne za a kwance a sunkuyar da ita.

Abin da kwamiti ya tsara shi ne, ranar Asabar bayan sallar isha'i matasa za su zagaya layi-layi tare da dattijo ɗaya, su rubuta kowace fitila da ke shiga gidan mutane, su ɗauki hoto daga cikin tsakar gidan da izinin mai gida. Ba a yarda kowa ya yi jifa ko ya taɓa wayar wani ba, wanda ya yi haka ƙungiya ba ta tare da shi. Bayan nan mutum uku za su sami manajan otal da mai allon cikin mutunci, domin mai yiwuwa ba su ma san abin da ke faruwa ba. In an gyara, falillahil hamdu. In ba a gyara ba, mu kai takarda ga kansilanmu, mu roƙi majalisa ta yi dokar da za ta ce fitilar waje ta kalli ƙasa, kada ta tsallaka katangar maƙwabci, allon talla kuma a rage shi ko a kashe bayan sha biyun dare. Za mu karɓi kwafe mai hatimin ofis mu ajiye a fayil.

Rajistar sa hannu tana kan teburin ma'aji a bakin ƙofa. Wanda bai iya rubutu ba akwai tawadar dangwale, iyayenmu mata kuma shugabar mata za ta bi su gida-gida daga gobe. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.