Riƙewar Fitsari Ga Dattawa: Roba Agaji Ce, Magani Yana Gaba

Wannan shi ne jawabin da wani likitan cututtukan mafitsara ya yi wa dattawan Arewa mazauna Ikko, bisa larurar da kan hana maza fitsari idan shekaru sun ja.

Akwai wata larura da ta zama ruwan dare ga dattawa, amma kunya ta hana a yi zancenta a zaure. Mutum yakan tashi fitsari sau huɗu ko biyar cikin dare. In ya tsuguna sai ya daɗe kafin fitsarin ya zo, ya zo kuma babu ƙarfi, bayan ya yi tsarki ya miƙe sai ya ji ɗigo a wando.

Ga asalin abin. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu mai girman ɗan goro, nauyinsa wajen giram 20, likitoci suna kiransa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Idan mutum ya manyanta sai ƙullutun ya yi ta girma har ya matse hanyar. Wajen rabin mazan da suka kai shekara 60 nasu ya kumbura. Wannan kumburi ba sammu ba ne, ba kuma ciwon daji ba ne. Sai dai alamunsa sun yi kama da na dajin furostet, da na tsukewar hanyar fitsari wadda tsohon ciwon sanyi kan bari. Saboda haka tilas likita ya duba da yatsa ta dubura, ya auna fitsari, ya kuma yi awon jinin nan da ake kira PSA kafin a zaɓi magani.

Hanya ta fari ita ce kiyayewa, ga wanda abin bai tsananta masa ba. Ya rage shan ruwa da shayi da kofi da dare, ya daina riƙe fitsari a doguwar tafiya, abin da direbobin manyan motoci suka saba yi. Ya kuma yi hattara da magungunan mura na kemis, domin waɗansunsu sukan tsai da fitsari ɗungum.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyi, su kuwa iri biyu ne manya. Akwai masu sassauta naman bakin mafitsara, kamar tamsulosin, waɗanda akan ga amfaninsu cikin 'yan kwanaki, amma ba sa rage girman ƙullutun. Sukan jawo jiri, kuma wanda za a yi wa aikin yanar ido lalle ya gaya wa likitan ido yana shan su. Akwai kuma masu motsar da ƙullutun, kamar finasteride, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992. Wannan sai an yi wata 6 ana sha kafin a ga cikakken aikinsa, yana rage wa waɗansu sha'awa, kuma bai kamata mai juna biyu ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa ba. Wani lokaci likita yakan haɗa iri biyun. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, larurar za ta komo.

Ranar da fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, babu zancen jiran gari ya waye ko neman jiƙo a tasha. Asibiti za a nufa a sa roba a zubar da shi. To, a nan ne da yawa suke kuskure. Da zafi ya lafa sai mutum ya ɓoye jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, ya koma kasuwa, ya yi wata da watanni ba abin da yake yi sai sauya roba. Alhali kuwa robar da ta daɗe tana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa da zubar jini. Da yawa in an ba su magani aka cire ta bayan 'yan kwanaki, fitsari yakan dawo.

Wanda bai dawo masa ba, ko ƙodarsa ta fara taɓuwa, sai hanya ta uku, watau aiki. Mafi yawa ba a tsaga ciki. Ta hanyar fitsari ake zura na'ura a kankare abin da ya toshe, mutum ya yi 'yan kwanaki a gado. In ƙullutun ya yi girma ainun akan tsaga mara a ciro shi, bisa hanyar da likita Terence Millin ya bayyana a 1945, ko kuwa a yi da hasken lesa inda akwai na'urar. Gaskiya ɗaya da ba a ɓoyewa: bayan aiki, ga mafi yawan mutane maniyyi yakan koma cikin mafitsara. Yawanci ƙarfin namiji yana nan, amma haihuwa takan yi wuya. Mai sauran neman 'ya'ya ya faɗa wa likita tun kafin a shiga da shi.

Daɗin daɗawa, ba sai an koma gida za a sami likita ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko yana Idi-Araba, na Ibadan kuma tun 1957 aka buɗe shi. Wanda ya ga jini a fitsari, ko zazzaɓi tare da wahalar fitsari, ko ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci, kada ya jira sai ya je ganin gida da Sallah. Fitsarin da ya taru yakan danna baya ya lalata ƙoda, wankin ƙoda kuwa ya fi kuɗin ƙwaya da na aiki nesa ba kusa ba. Tun ran gini, tun ran zane. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.