Koyon XSLT: Inda Ɗalibai Ke Yin Tuntuɓe



Ranar 16 ga Nuwamba 1999 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da XSLT 1.0. James Clark ne ya shirya daftarin, wani ɗan Ingila da ya daɗe yana aiki a kan SGML, tushen da HTML da XML suka tsiro daga cikinsa. Aikin harshen ɗaya ne: a miƙa masa takardar XML, ya juya ta zuwa shafin HTML, ko rubutu zalla, ko wata XML mai sabon tsari. A ranar kuma aka fitar da XPath, wanda da shi ake nuna wurin da ake nufi a cikin takarda.

Abin mamaki, wanda ya ƙware a Python ko Java ya fi sabon shiga shan wahala. Ya saba ba kwamfuta umarni bi da bi: buɗe, karanta, ƙirga, rubuta. XSLT ba haka yake ba. Yana ɗaukar takarda a matsayin bishiya mai rassa, mai rubutu kuma sai ya shimfiɗa ƙa'idoji, kowace da irin reshen da take jira, kamar masu sana'a a kasuwa, kowa na zaune a rumfarsa sai an kawo masa irin aikinsa. A ɗauki kundin ɗakin karatu, inda kowane littafi ke da take da marubuci. Ƙa'ida ɗaya, xsl:template mai match="littafi", ta ce duk inda aka tarar da littafi a buɗe masa layi a jadawali. A cikinta sai a sa xsl:apply-templates, wato a wuce zuwa ƙananan rassa a nemo musu tasu ƙa'idar. Ko littattafan goma ne ko dubu goma, ba a ƙara ko layi ɗaya.

Tuntuɓen farko yakan zo ne a makon farko. Ɗalibi ya rubuta ƙa'idarsa tsaf, ya gudanar, sai ya ga rubutun takardar gaba ɗaya ya zubo a cakuɗe, babu jadawali babu komai. Injin da ke gudanar da XSLT bai lalace ba. Harshen yana da ɓoyayyun ƙa'idoji na kansa: idan ba a sami wadda ta dace da reshe ba, sai ya wuce ciki ya kwaso rubutun kawai. Ganin wannan tarkace alama ce cewa ƙa'idar ɗalibin ba ta kama komai ba.

To me ya hana ta kamawa? Galibi layi ɗaya ne a saman takardar. Misali, shafin XHTML, wato HTML da aka rubuta bisa tsarin XML, yana buɗewa da xmlns, wanda ke sanya kowace alama ƙarƙashin sunan gidanta. Saboda haka match="p" ba zai taɓa ganin sakin layin XHTML ba, domin yana neman p marar gida ne. A XSLT 1.0 dole a bayyana gidan da wani gajeren laƙabi, a rubuta h:p. Mutum na iya kwana biyu a kan wannan kuskure, kuma injin ba zai ce masa uffan ba. HTML na yau da kullum kuwa, mai alamomin da ba a rufe ba, sai an fara gyara shi da manhaja irin su Tidy ta Dave Raggett kafin ya shiga.

Sai batun xsl:variable, wanda da zarar an ba shi ƙima ba ta sake canzawa. Ƙirga da ƙarin ɗaya-ɗaya a kansa ba ya yiwuwa. Tara littattafai rukuni-rukuni bisa marubuci ma sai da dabarar da Steve Muench na kamfanin Oracle ya ƙirƙiro. XSLT 2.0 na shekarar 2007, wanda Michael Kay ya shirya, shi ya sauƙaƙa wannan da xsl:for-each-group. Ya kuma kawo replace, mai amfani ga mai gyara tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da aka buga k' a maimakon ƙ, tunda translate na tsohon zubin harafi ɗaya kawai yake musanyawa da ɗaya.

XSLT 3.0 ya fito a 2017, amma manhajojin buɗe shafuka sun tsaya cak a zubin 1999, kuma a 2025 Google ta sanar da shirin cire shi daga Chrome. Wannan bai taɓa ainihin inda ake aikin ba. Maɗaba'un mujallun kimiyya suna juya maƙalun da aka tsara da JATS, masu killace tsofaffin littattafai suna juya na TEI, marubutan littattafan fasaha kuma na DocBook, yawanci kafin shafin ya isa ga mai karatu. Shi ya sa ya fi dacewa ɗalibi ya sauke Saxon, injin da Michael Kay ya rubuta, ya fara kai tsaye da zubi na 3.0, da ƙaramar takarda mai littattafai biyar da zai iya bin rassanta da ido.