Jawabi Kan Guguwar Teku da Aikin Masallaci a Ranar Masifa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai juya iska yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu, da ku bayin Allah da kuka miƙo dukiyarku domin wannan gini.

Bayan haka, ina so in ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa ta 'yan'uwanmu Musulmi, watau Bangaladash, domin mu ga abin da masallaci da jama'arsa ke iya yi ranar da ƙasa ta rikice.

Ita wannan ƙasa tana bakin Tekun Bengal ne, inda manyan kogunan Ganges da Brahmaputra ke zuba. Kudancinta shimfiɗe ya ke kamar faifai, kaɗan ya ɗara teku tudu. Guguwar da ke tasowa can kuwa ba irin tamu ba ce ta bazara, wadda ke kwasar yayi da ƙura ta wuce. A tsakiyar teku ta ke haɗuwa, ta yi kwanaki tana juyi tana ƙara ƙarfi, sa'an nan ta tura ruwan teku a gabanta ya hau kan tudu. Shi wannan ruwa shi ne ajalin mafi yawan mutane, fiye da iskar kanta.

A daren 12 ga watan Nuwamba na 1970, cikin watan azumi, lokacin ana kiran ƙasar Pakistan ta Gabas, irin wannan guguwa ta faɗa wa tsibirin Bhola da kewayensa. Dare ne, ga teku ya cika, ga shi kaka ta yi, 'yan ƙodago sun taru daga nesa domin yankan shinkafa, da yawansu a fili su ke kwana. A waɗansu wurare ruwa ya kai tsayin ƙafa 30. Waɗanda suka tsira, galibi itace suka runguma har gari ya waye. An ƙiyasta mamata sun kai mutum 300,000, waɗansu kuwa sun ce 500,000. A gunduma guda, Tazumuddin, kusan rabin jama'a ne suka tafi cikin dare ɗaya. Allah Ya gafarta musu.

To, jama'a, a nan ne maganar ta ke. Babu mai musun cewa ƙaddara ce. Amma masu duban yanayi sun hangi guguwar tun tana teku, labarin ne bai isa ƙauye yadda talaka zai gane shi ba, wanda ya ji kuma ba shi da tudun da zai nufa. Saboda haka a 1972 ƙungiyar agaji ta ƙasar, wadda a yau a ke kira Red Crescent, ta kafa rundunar 'yan sa kai daga cikin mutanen ƙauyuka, gwamnati ta shigo ciki a 1973. Aikinsu shi ne su kafa tutar gargaɗi, su hau keke da lasifika su bi gida gida, su kama hannun tsoho da na mai ciki su kai su mafaka.

Abin bai gyaru nan da nan ba. Ran 29 ga watan Afrilu na 1991 wata guguwar ta afka wa yankin Chittagong, mutum wajen 138,000 suka rasu, mata da yara suka fi yawa. Da aka bi sawu aka tambayi waɗanda suka rage dalilin zamansu a gida bayan sun ji gargaɗi, amsoshin ba baƙi ba ne a kunnenmu. Wani tsoron ɓarayi ya hana shi, wani ba zai bar saniyarsa ba, wata mijinta ba ya nan, ba ta kuwa fita sai da izninsa, wani kuma ya ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Wannan na ƙarshe gaskiya ya faɗa, amma ya aje ta inda ba muhallinta ba. Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya fi kowa sanin ruwa na Allah ne, duk da haka ya sassaƙa jirgi ana yi masa ba'a. Annabi Yusufu ya tara hatsi shekara 7 kafin yunwa ta zo. Ashe tanadi ɗa ne na halal ga tawakkali. Fitar mace daga ɗakinta domin tsirar da rai kuwa, ba na jin akwai malamin da zai ce sai ta jira izni.

Daga nan aka gyara abubuwa da dama. Aka gina mafaka dubbai a kan ginshiƙan kankare, ƙasansu a buɗe domin ruwa ya wuce, ranar lafiya makaranta ce, ranar guguwa gidan kowa. Aka tara tuddai na ƙasa domin dabbobi, don kada saniya ta riƙe mai ita. Aka shigar da mata cikin 'yan sa kai, har suka zama rabin rundunar da ta haura mutum 70,000. Aka kuma koma ga masallaci, domin lasifikar da ke kiran salla sau biyar ita ce muryar da mutanen ƙauye ba su yi wa gardama. A guguwar Sidr ta Nuwamban 2007 an rasa mutum 3,000 da ɗoriya. A watan Mayu na 2020, cikin azumi kamar ta farko, da guguwar Amphan ta taso, an kwashe fiye da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar kuwa ba su kai 50 ba.

Sai dai janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen wahala ba. Gishirin teku kan lalata gona da tafki, ruwan sha ya yi wuya, gudawa ta biyo baya, masunci ya tashi ba jirgi ba koma. Buhun shinkafa na kwana bakwai ba ya mai da mutum kan ƙafarsa. Ku masu ba da gudummawa, ga abin da zai faranta muku rai. Bayan guguwar Sidr wani bawan Allah ya damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda dala miliyan 130, ya ce a ɓoye sunansa, aka riƙa kiransa Fa'ilu Khairi, watau mai aikin alheri. Miliyan 110 aka ware domin makarantu masu zama mafaka, miliyan 20 kuma domin rance marar ruwa ga manoma da masunta da ƙananan 'yan kasuwa. Sai bayan rasuwarsa a 2015 aka bayyana cewa Sarki Abdullahi ne na Saudiyya.

Mu nan Allah Ya nisanta mu da teku, amma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun san iskar farkon damina da ke yaye kwano, mun kuma ga yadda ruwa ya ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Saboda haka ina roƙon kwamitin gini da magina su ɗaga wannan harsashi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a unguwar nan, ko da bulo zai ƙaru. A ɗaure rufi da kyau, a haƙa rijiya a harabar, a yi wa mata sashe mai faɗi da makewayinsu. A kuma buɗe asusu dabam da na gini, a rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya na unguwa, kowannensu a san saurayin da zai ɗauko shi in dare ya yi tsanani.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a can da nan, Ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, Ya nuna mana ranar buɗe shi lafiya.