Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Kan Cinikin Tsohuwar Kyamara

Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku.

Jama'a, kyamarar fim ta sake yin kasuwa, samari na nemanta. To, mu masu sayar da na hannu sai mu kula. A cikin irin su Nikon FM2 ta 1982 akwai ɗan gilashi a saman madubi, a kansa ake saita hoto. Sunansa gilashi, amma roba ne. Ba a taɓa shi da yatsa, ba a goge shi da sifirit, iska ake hura masa. In za a mayar da shi, a kama ɗan kunnensa da matsefata, a zaunar da shi daidai. In ya karkace, ido zai ga hoto garau, fim kuwa ya fito dishi-dishi. Mai saye ba zai sani ba sai an wanke hotunan bikin 'yarsa, 36 duk sun lalace.

Don haka mu gwada da fim kafin mu sayar, mu faɗi aibin haja kamar yadda shari'a ta umurta. Nan baƙi muke. Mutum ɗaya ya yi algus, sai a ce Hausawa ne.

Allah ya ba mu halal. Wassalam.